Filin Lafiyarku: Gwajin Gaggawa na Tarin Fukan da Ba Ya Jin Magani

Da dama daga cikin wasiƙun da suka iso mana daga masu karatu na Legas a 'yan kwanakin nan sun karkata ne ga abu guda, wato gwajin kaki da ake yi da na'ura domin gano tarin fuka, da kuma gano ko ƙwayar cutar tana jin magani ko ba ta ji. Mun zaɓi waɗanda suka fi wakiltar sauran, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba a kan duk abin da ya shafi lalurar mutum.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita, barka da ƙoƙari. Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ƙanena da ke taya ni aiki ya fi wata guda yana tari, ya rame, da dare kuma gumi yake yi har ya jiƙa riga. Mun sha sayen magani a kemis, in tarin ya lafa sai ya dawo. Da muka je cibiyar lafiya sai aka ba shi 'yar roba ya tofa kaki, aka ce za a yi gwajin ƙwayoyin halitta a wata na'ura mai suna GeneXpert, wadda za ta faɗi ko magani zai yi masa aiki. Shin irin gwajin nan ne da ake yi don gane mahaifin yaro? Kuma ta yaya na'ura za ta san magani ba zai yi aiki ba alhali mutum bai ko fara sha ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka game da tambayarka ta farko, domin gwajin ba ruwansa da asalin ƙanenka ko jininsa. Ƙwayar cutar da ke cikin kakin ita ake bincika.

Tambaya ta biyu ce take buƙatar bayani, kuma sai an ɗan koma baya kafin a gane amfanin wannan na'ura. Tun daga ranar 24 ga Maris, 1882, da likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya sanar da gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, an shafe fiye da shekara ɗari ana neman ta kusan ta hanya guda, wato a shafa kaki a kan gilashi, a rina shi, a duba da madubin ƙara girma. Hanyar tana da arha, har yau kuma ana amfani da ita, amma sai ƙwayoyin sun kai kimanin 5,000 zuwa 10,000 a cikin mililita ɗaya na kaki kafin ido ya ci karo da su, don haka an sha sallamar marasa lafiya a ce ba a ga komai ba, alhali cutar tana cin huhunsu. Ko an gan su ma, ƙwayar da ke jin magani da wadda ba ta ji kamanninsu ɗaya ne a madubi. Mai son sanin bambancin sai ya yi renon ƙwayar a ɗakin gwaji, ita kuwa ba ta da hanzari ko kaɗan, domin takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu gida biyu, yayin da wasu ƙwayoyin da ke hanji suke yin haka cikin minti 20. Shi ya sa renon yake cin mako huɗu zuwa takwas, sannan a ƙara wasu makonnin ana gwada mata magunguna a ga wanda zai kashe ta. Duk tsawon wannan jira mara lafiya yana shan maganin da wataƙila ba ya yi masa komai, yana kuma tari a ɗakin da mutum shida ko takwas suke kwana, kamar yadda da yawa daga cikin 'yan'uwanmu suke zaune a wannan gari.

Sabuwar hanyar ba ta jiran ƙwayar ta girma, karanta ta take yi. Kowace halitta tana ɗauke da wani rubutu a cikinta wanda yake tsara siffarta da aikinta, shi ne ake kira DNA, kuma tun 1998 masana suka kammala karanta na ƙwayar tarin fuka, suka tarar ya kai haruffa kimanin miliyan 4.4. Rifamfisin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan tarin fuka na matakin farko, yana kashe ƙwayar ne ta hanyar maƙale wa wani sinadari nata wanda sai da shi take iya kwafar wancan rubutu ta yi aiki da shi. Idan harafi ɗaya ya canza a sashen rubutun da ke tsara wannan sinadari, sashen da masana suka sa wa suna rpoB, sai siffar sinadarin ta ɗan sauya, maganin ya rasa inda zai kama. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na irin wannan canji a wani ɗan gurbi guda yake faruwa, mai haruffa 81 kacal. Ka ɗauka malamin makarantar allo ne da ya daɗe yana koyarwa har ya san daidai wurin da yara suka saba yin kuskuren rubutu, wanda da an miƙo masa allo can zai fara kai idonsa, ba sai ya bi shi daga sama har ƙasa ba.

A aikace, ma'aikacin ɗakin gwaji yakan gauraya kakin da wani ruwan sinadari, ya jira minti 15, ya zuba a wani ɗan akwatin roba da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar, ya saka a na'urar. A cikin akwatin ne ake fasa ƙwayoyin, a ninninka wancan gurbi sau miliyoyi har ya isa a karanta, kafin awa biyu kuma amsa ta fito a kwamfuta. Amsar gida biyu ce. Layin da ya fara da haruffan MTB a takardar sakamako yana faɗin ko an ga ƙwayar tarin fuka, wanda ya fara da RIF kuma yana faɗin ko tana bijire wa rifamfisin. Kamfanin Cepheid na Amurka ne yake ƙera na'urar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Disamba na 2010, ta shigo Najeriya a 2011, a 2016 kuma shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa ya mayar da ita gwajin farko ga duk wanda ake zargin yana da cutar.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganin kemis. Cikin abubuwan da aka fi bai wa mai tari a kemis akwai sifrofuloksasin da lebofuloksasin, waɗanda suke iya danne ƙwayar tarin fuka na ɗan lokaci har tarin ya lafa, ba tare da sun gama da ita ba. Illarsu biyu ce, domin suna jinkirta gano cutar, suna kuma iya horar da ƙwayar ta saba da wani dangin magani da likita zai buƙata gobe in ta tabbata cutar mai taurin kai ce. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya duk abin da ƙanenka ya sha, in kwalayen suna nan ku kai masa. Idan kuma aka nemi ƙarin kaki, ya kurkure bakinsa da ruwa tukuna don kada a sami ɓurɓushin goro ko abinci a ciki, ya fita fili nesa da mutane, ya ja dogon numfashi, ya kakaro daga ƙirji, domin yawun baki ba ya ba da amsa mai kyau.

Tambaya: Salamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce a Agege, muna da 'ya'ya uku, ƙaramin bai cika shekara uku ba. Sakamakon maigidana ya nuna tarin fuka, aka kuma ce irin wanda ba ya jin magani ne. Shi kuwa bai taɓa shan maganin tarin fuka ba a rayuwarsa. Yayansa ya ce kuskuren na'ura ne, surukata kuma ta ce a mayar da shi gida a yi na gargajiya. Ni dai tsoron yaran nake ji.

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya bai wa maigidan lafiya, ya kare ki da yaran. Mamakin da yayan mijinki ya yi ya samo asali ne daga zaton da ake yi cewa jikin mutum ne yake sabawa da magani. A gaskiya ƙwayar ce take sabawa, kuma da zarar ta saba a jikin wani, haka za ta shiga jikin duk wanda ya shaƙe ta.

Ga yadda abin yake farawa. A cikin ramin da cutar take yi a huhu ana iya samun ƙwayoyi daga miliyan 10 har zuwa biliyan ɗaya, kuma a cikin kowace miliyan ɗaya akan sami kimanin guda da ta fito da canjin da zai sa isoniyazid ya kasa kashe ta, a cikin kowace miliyan 100 kuma akan sami kimanin guda da rifamfisin ba zai kashe ba. Da wuya ƙwarai ƙwaya ɗaya ta haɗa canjin biyu a lokaci guda, wannan ne dalilin da ya sa ake haɗa magani huɗu a watanni biyu na farko, wato isoniyazid da rifamfisin da firazinamid da etambutol, sannan a ci gaba da biyu na farko har wata huɗu, ta yadda ƙwayar da ta tsere wa wannan magani wancan zai kama ta. An koyi wannan darasi ne tun a shekarun 1940, lokacin da aka fara ba da istireftomaisin shi kaɗai, marasa lafiya suka farfaɗo, bayan 'yan watanni cutar ta dawo ba ta jin sa. Wanda ya sha yau ya bari gobe, ko ya tsaya a wata na biyu don ya ji sauƙi, ko aka haɗa masa rabi da rabi a kemis, yana kashe masu rauni ne ya bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa. Daga nan sai tarinsa ya rarraba su a masallaci da mota da ɗakin kwana. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2023 mutum kimanin 400,000 ne suka kamu da tarin fukan da ba ya jin rifamfisin, kuma kusan kashi 3 cikin 100 na masu tarin fuka waɗanda ba su taɓa shan maganinsa ba suna zuwa ne da irinsa tun ranar farko. Saboda haka ba laifin mijinki ba ne, ba kuma alama ce ta cewa ya ɓoye miki wani abu ba.

Duk da haka maganar yayan nasa ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Na'urar takan yi kuskure jifa-jifa, musamman idan ƙwayoyin da ke kakin kaɗan ne ƙwarai, don haka ne aka tanadi sake gwajin da sabon kaki ga wanda bai taɓa shan magani ba kuma ba a san ya zauna da mai irin wannan cuta ba. Ku nemi a yi hakan a inda aka yi na farko. Yawo daga wannan asibiti zuwa wancan ana neman wanda zai faɗi abin da ake son ji, kwanaki kawai yake cinyewa.

Idan ya tabbata, akwai gwaji na biyu da ya kamata a yi, domin na farko rifamfisin kaɗai ya duba. Akwai wani akwatin na daban, Xpert MTB/XDR, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, yana duba isoniyazid da dangin lebofuloksasin da wasu magungunan cikin kimanin minti 90, akwai kuma manyan ɗakunan gwaji da ake aika kaki, waɗanda biyu daga cikinsu su ne madogarar ƙasa baki ɗaya: Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba a nan Legas, da Cibiyar Horaswa kan Tarin Fuka da Kuturta da ke Saye a Zariya. Amsar wannan gwaji ce take nuna haɗin da ya dace da shi.

A nan ne nake so ki isar wa surukarki saƙo cikin ladabi. Da can maganin wannan nau'i abin tsoro ne, wata 18 zuwa 24 ana sha, ga allura kullum ta watanni da dama, wadda ta kurumtar da mutane da yawa, don haka ba a rasa dalilin da dattawa suke gudun sa ba. Wannan zamani ya wuce. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire allurar kanamaisin daga cikin abin da take ba da shawara a kai, a ƙarshen 2022 kuma ta amince da haɗin magunguna huɗu na sha da ake kira BPaLM, wato bedakwilin da firetomanid da linezolid da moksifuloksasin, na wata shida, wanda Najeriya ma ta fara amfani da shi. A gwajin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar a Uzbekistan da Belarus da Afirka ta Kudu, kashi 89 cikin 100 na waɗanda suka sha wannan haɗi sun warke, waɗanda suka bi tsohon tsari kuwa kashi 52 ne. Yana da nasa sharuɗɗan, domin ana bibiyar bugun zuciya da yawan jini da jijiyoyin ƙafa da na ido, kuma ba a bai wa mai ciki ko mai shayarwa ko yaron da bai kai shekara 14 ba, su akwai nasu haɗin. Asibitin Mainland da ke Yaba yana daga cikin wuraren da suka daɗe suna kula da masu wannan nau'i a Legas. Addu'a da rubutu ba su hana shan magani, amma duk wani jiƙo ko saiwa a sanar da likita kafin a sha, saboda hanta tana ɗauke da nauyin da ya ishe ta.

Game da yaran, ki kai su duka a duba, ke ma a duba ki, ko da babu mai tari. Ƙaramin da ba zai iya kakaro kaki ba, yanzu ana iya gwada bayan gidansa a wannan na'ura, domin yara haɗiye kakinsu suke yi. Ki kuma tambayi likita game da maganin riga-kafi da ake bai wa waɗanda suka zauna da mai cutar amma ba su kamu ba. Kafin nan, a bar taga a buɗe dare da rana, maigidan ya sa takunkumi, kada yaran su kwana ɗaki ɗaya da shi in da hali. Ba sai an ware masa kwano ko cokali ba, domin ta iska cutar take bi.

Tambaya: Likita, ni mai gadi ne a Obalende. An ce na'urar awa biyu take yi, ni kuwa na fi mako guda ina jiran sakamako. Ko sai na ba da wani abu ne?

Amsa: Malam, kada ka ba kowa ko kwabo. Gwajin kaki da maganin tarin fuka, mai jin magani da mara ji, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da asibitocin kuɗi da ke ƙarƙashin shirin ƙasa. Gwamnati da masu ba da tallafi ne suke biya, kuma ba kuɗi kaɗan ba ne, domin akwati ɗaya ya daɗe a kan dala 9.98 kafin a sauke shi zuwa dala 7.97 a watan Satumba na 2023.

Awa biyun gaskiya ne, amma lissafinsa yana farawa ne daga lokacin da akwatin ya shiga na'ura. Ba kowace cibiya take da na'urar ba, yawanci sai an tara kaki daga ƙananan cibiyoyi a ba mai babur ya kai, kai ma ka san cunkoson Legas. Na'urar da aka fi samu gurbi huɗu take da shi, wato kaki huɗu a lokaci guda, in gurbi ɗaya ko biyu suka lalace layi ya ninka. Tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji an yi asarar akwatin, tana kuma buƙatar ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Saboda irin waɗannan matsaloli ne aka shigo da wata na'urar ƙirar Indiya mai suna Truenat, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2020, tana aiki da batir, tana kuma jure zafi. Sai dai sau da yawa sakamako yana fitowa a kan kari, mai shi ne ake rasawa, ko don lambar wayar da ya bayar ta ubangidansa ce, ko ya canza layi, ko adireshin da aka rubuta bai wuce "bayan masallaci" ba. Ka koma da ƙafarka da katin da aka ba ka, ka nemi jami'in da ke kula da sashen tarin fuka, ka ba shi lamba biyu da ake samun ka. Shirin ƙasa yana da layin kira kyauta, 3340, na neman bayani.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan ci-rani ne, ina dako a Alaba Rago. An gano ina da tarin fukan da ba ya jin maganin farko, an ce za a ɗora ni a kan magani. Damina ta kusa, gona tana jira na a ƙasar Sakkwato, kuma a gida ne nake da mai dafa mini abinci. Zan iya tafiya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. Tambayarka ta fi duk sauran muhimmanci a wurina, domin a nan ne wahalar da aka sha wajen gano cutar cikin gaggawa take tashi a banza ga jama'armu na Legas. Mutum ya ba da kaki a nan, na'ura ta yi aikinta, sakamako ya fito, shi kuwa yana bayan tirela ya kama hanyar arewa ba takarda ba magani, in ya isa gida aka kai shi asibiti sai a fara komai daga farko, wataƙila ma a ɗora shi a kan maganin wata shida na gama-gari wanda an riga an san ba zai yi masa aiki ba.

Hujjarka ta son zama kusa da iyali mai ƙarfi ce, domin wannan magani yana son abinci, bedakwilin da firetomanid ma tare da abinci ake shan su, kuma mai jinya shi kaɗai a baƙon wuri ya fi saurin gajiya ya bari. Shirin yaƙi da tarin fuka ɗaya ne a duk jihohin ƙasar nan, yana kuma da tsarin mayar da mara lafiya daga wata jiha zuwa wata. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka fara maganin a nan, kada ka tafi sai likitanka ya ce haɗarin yaɗa cutar ya ragu, saboda tafiyar wuni da kwana a rufaffiyar mota kana tari zalunci ne ga abokan tafiya. Ka sanar da su niyyarka tun yanzu domin su nemo cibiyar da ta fi kusa da garinku wadda take kula da masu irin nau'inka, tunda ba kowace cibiya take yi ba, su yi magana da jami'in can, su ba ka takardar canjin wuri da kwafin duk sakamakonka da maganin da zai ishe ka har ka isa ka yi rajista. Ka ɗauki hoton takardun a waya. Noman bana kuwa, ka sa rai 'yan'uwa ne za su riƙe maka mafi yawansa, musamman a watannin farko.

Tambaya: Likita, na gama maganin wata shida, an sallame ni an ce na warke. Don in ƙara tabbatarwa sai na je wani ɗakin gwaji na kuɗi aka sake sa kakina a na'urar, ta nuna akwai cutar. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, ki sassauta wa kanki. Na'urar DNA take gani, ba ta bambance ta ƙwaya mai rai da ta matacciya, kuma ɓurɓushin matattun ƙwayoyi yana iya daɗewa a huhu watanni, wani lokaci har shekaru, bayan an warke. Sabon samfurin akwatin mai suna Ultra, da aka fara amfani da shi a 2017, ya fi tsohon kaifin gani, don haka ya fi shi tsinto irin wannan ɓurɓushi. Wannan ya sa ba a amfani da na'urar wajen bibiyar mai shan magani, madubi ake komawa a ƙarshen wata na biyu da na biyar da na shida, ga masu nau'in da ba ya jin magani kuma a haɗa da reno. Ki kai takardar cibiyar da ta yi miki magani. In ba kya tari, ba zazzaɓi, ba rama, da wuya a ce komai ya dawo. In kuwa alamun sun dawo, za a yi hoton ƙirji da reno, domin matacciyar ƙwaya ba ta tsirowa.

Tambaya: Barka da aiki, Likita. Ni ɗalibar kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ce, ina zaune a Idi-Araba. Na ji ana maganar wata sabuwar fasaha da ke karanta ƙwayoyin halittar cutar dalla-dalla. Shin za ta maye gurbin GeneXpert da reno?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Fasahar da kike nufi ita ce ta karanta jerin haruffan DNA ɗaya bayan ɗaya a sassa da yawa lokaci guda, maimakon leƙa gurbi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara nuna amincewa da ita a watan Yuli na 2023, ta kuma shigar da ita cikin ƙa'idojinta a 2024. Daga kaki guda tana iya duba rpoB na rifamfisin, da katG da inhA na isoniyazid, da gyrA na dangin moksifuloksasin, da pncA na firazinamid, har da sassan da suka shafi bedakwilin da linezolid, waɗanda babu akwatin GeneXpert da yake duba su, kuma cikin 'yan kwanaki ake samun amsa.

Buƙatarta a fili take. A ƙasar Eswatini an gano wani nau'i na ƙwayar wanda canjinsa ba ya cikin haruffan nan 81, yana wani wuri dabam, ana kiran sa I491F, kuma binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin da ke bijire wa isoniyazid da rifamfisin a ƙasar suna ɗauke da shi. Na'urar GeneXpert takan ce rifamfisin zai yi aiki a kansu, alhali ba zai yi ba. Haka kuma an fara ganin ƙwayoyin da ke bijire wa bedakwilin a wasu ƙasashe, abin da yake barazana ga haɗin wata shidan da aka daɗe ana jira.

Amma ban ga alamar za ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin biyun nan kusa ba. Ita kanta hukumar ta sanya ta ne a matsayin gwajin da ke biyo baya, ga wanda aka riga aka tabbatar yana da cutar, saboda tana buƙatar kaki mai yawan ƙwayoyi, da kayan aiki masu tsada, da ƙwararrun da za su fassara abin da ya fito, don haka mazauninta manyan ɗakunan gwaji ne irin na Yaba da Zariya. Reno kuma yana nan daram, domin DNA tana faɗa mana ne kawai game da canjin da aka riga aka san ma'anarsa, kuma sai da reno ake sanin ma'anar sabon canji, musamman a sababbin magunguna irin firetomanid. In kin fara aiki kika ga mara lafiyar da takardarsa ta ce rifamfisin zai yi masa aiki, yana kuma shan maganinsa ba fashi, amma a ƙarshen wata na biyu madubi yana nuna ƙwayoyi ga shi bai daina ramewa ba, ki tuntuɓi likitansa a sake duba bijirewar, a kuma aika kakin babban ɗakin gwaji a yi reno tare da gwada magungunan ɗaya bayan ɗaya.